Guntun Karatun da Na Yanka

Salamu alaikum, 'yan uwa. Yau ku yi haƙuri da ni, ba da raha na zo muku ba. Ni ce Nusaiba ta Malali, kuma abin da zan ba ku yanzu ko Abbanmu bai ji shi dalla-dalla ba tukuna. Ina rubutun nan fuskata tana zafi kamar wadda aka sharara wa mari a tsakiyar kasuwa.

Bari in fara da Sharhabil, tunda a kansa maganar take.

Sharhabil ɗan Malam Zakariyya ne na Rigachikun. Malam dattijo ne, tun kafin a haife ni yake karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa bayan La'asar. Da Sharhabil ya gama karatun kwamfuta sai ya ga karatun mahaifinsa ba ya wuce bangon zaure. Ya sayi ɗan makirufo da yake maƙala wa Malam a wuyan riga, ya kafa waya a kan ƙafarta, yana ɗauka yana ɗorawa a intanet, ga na kallo, ga na saurare kawai. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin bidiyoyin nan na taɓa yin tambaya, ya amsa. Na sake yi, ya sake amsawa. Daga baya muka haɗu ido da ido a bikin wata 'yar ƙanen Mama a Katabu, ina sanye da leshi ruwan zuma da ya ɗan matse ni, shi kuma da farar shadda da hula zanna. Ya dube ni ya ce, "Au, ke ce ɗalibar Malam?" Shi ke nan sunan ya bi ni.

A gidanmu ba da sauƙi aka karɓe shi ba. Abba ma'aikacin sakatariya ne, shi a wajensa namijin da ba ya fita ofis da safe bai gama zama mutum ba.

"Ɗan malam," in ji shi, yana kallona ta saman tabarau. "Kuma aikinsa ɗaukar bidiyo. To, madalla."

Mama ce ta tsaya tsayin daka. Duk sa'o'ina sun yi aure, ƙawayenta sun fara yi mata tambayar nan mai ciwo, wai "ina amaryarmu, har yanzu karatun ne?" Ta matsa wa Abba har ya aika a bincika. Abin da aka dawo aka faɗa masa shi ya sauko da shi: Malam Zakariyya mutum ne da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Abba ya ce tunda haka ne, su turo manya. Aka sa ranar Asabar za su zo tambaya.

To ga inda nawa laifin yake.

Karatun Malam dogo ne, wallahi dogo ne. Zai karanta layi ɗaya da Larabci, ya fassara, sannan ya ce "wannan ya tuna mini da malaminmu na Zariya," daga nan an tafi. Wani ya shigo a makare, a tsaya a gaisa, a tambayi jikin mai ɗakinsa. Malam ya yi tari, a miƙo ruwa. Akuya ta leƙo, a kore ta. Kafin a dawo kan layin nan ka manta da shi. Ni kuwa da Sharhabil yake wa kallon wadda ba ta barin karatu ko ɗaya ya wuce ta, ga yadda nake yi: in sa abin kunne ina wanke-wanke, in ƙara wa sautin gudu ninki biyu har muryar Malam ta koma ta 'yar tsana, da na ji "wannan ya tuna mini" sai in ja gaba da ɗan yatsa mai kumfa. In tsinci jimla biyu masu nauyi, da yamma in tura masa.

"Maganar Malam ta yau a kan niyya ta ratsa ni."

Shi kuma ya amso, "Allah Ya ƙara miki, ɗalibar Malam. Ke kaɗai ce kike ji har ƙarshe."

Sai in tura masa hoton fuskar nan mai jin kunya. Ashe kunyar gaske tana tafe.

Abin da yake damunsa shi ne ba a kallo. Ya sha wahalar ɗauka, ya ƙona data, a wayi gari masu kallon ba su fi cikin motar haya ba. Ni kuma na san dalili, don ni ce shaida. Wace uwar 'ya'ya ce za ta zauna ta ji karatun da ya kusa awa biyu, ga tuwo a wuta? Sai dabara ta zo mini. Na buɗe shafi, ban sa sunana ba, na kira shi Karatu a Taƙaice. In ɗauko bidiyon Malam, in cire gaishe-gaishe da tari da akuya da labarin Zariya, in bar tsokar zalla. In rubuta maganar a ƙasa don wadda take cikin hayaniya ta karanta, in ɗora babban take a sama da jan rubutu. Guntu, wanda kafin shayinki ya huce kin gama.

Abin ya karɓu, ba ƙarya. Guruf ɗin matan unguwarmu ya ɗauka, na tsofaffin ɗaliban makarantarmu ya ɗauka, na 'yan adashen Mama ya ɗauka. Har Sharhabil ya turo mini ɗaya.

"Kin ga wani bawan Allah yana taimakonmu. Ban san shi ba, amma ina masa addu'a."

Na rungume filo ina dariya ni kaɗai. Niyyata sai bayan biki in nuna masa, in ga yadda zai zaro ido.

Sai Sha'aban ya kama, lokacin da kowace mace take lissafin azumin da ake bin ta kafin Ramadan ya shigo. Ina jan wani karatu gaba kamar kullum, sai na ji Malam yana cewa: "Akwai masu cewa..." nan wani ya yi sallama, aka amsa, Malam ya gyara murya, "...mace mai shayarwa, idan ta sha azumi don tsoron kada ɗanta ya wahala, ciyarwa kaɗai za ta yi, babu ramuwa a kanta." Yana rufe baki ya ce wannan ya tuna masa da wata tafiya da suka yi a kan jaki. Na tsayar. Zuciyata ta ce, wannan zai tafi! Na yanke farkon saboda sallamar da ta ɓata sautin, na yanke ƙarshen saboda jakin. Na rubuta da jan rubutu: MAI SHAYARWA BA TA DA RAMUWA, IN JI MALAM ZAKARIYYA. Na ɗora, na koma na ƙarasa gugar mayafina.

Ya tafi kuwa. Ban taɓa ganin abin da na ɗora ya yi gudu haka ba.

Ranar Litinin yayata Atika ta zo gida daga Unguwar Dosa da jaririyarta Amina a baya. Tun farkon wata take ramuwa, kullum leɓe a bushe, tana mita. Ran nan sai ga ta ta buɗe kular Mama ta zuba shinkafa da wake, ta malala mai da yaji.

Mama ta ce, "Ke, ba azumi kike ba?"

"Wane azumi? Surukin Nusaiba ya sauke mana nauyi. Allah Ya ja da ran Malam! Ni dama na ce gidan nan gidan albarka ne." Ta ɗaga mini cokali. "Ki gaishe min da shi da kyau, ki ce masu goyo na godiya."

Na yi murmushi, har da ɗan sunkuyar da kai irin na amare. Kun ji fa. Murmushi na yi.

Washegari da hantsi saƙon Sharhabil ya shigo. Babu sallamar nan tasa mai tsawo, babu "ɗalibar Malam".

"Kin ga abin da shafin nan ya yi mana?"

Na rubuta, "Me ya faru?"

"Sun sa wa Baba maganar da bai faɗa ba. Ke da kika ji karatun ai kin sani. Kawowa ya yi don ya warware."

Na daɗe ina kallon "ke da kika ji karatun". Na rubuta "Innalillahi", na tura. Iyakar abin da na iya ke nan.

Na shiga ɗaki na tura ƙofa, na nemo asalin bidiyon. A karon farko tun da na san Sharhabil, na bar muryar mahaifinsa ta tafi da saurin da Allah Ya ba ta. Na ji labarin jakin kaf: yadda ya ƙi tsallaka rafi, yadda malaminsu ya sauka ya naɗe wando ya ja shi. Aka yi dariya a zauren. Aka gyara wa wani wurin zama. Sannan Malam ya buga tafin hannu a kan littafin, muryarsa ta sauya.

"To, mu dawo. Waccan magana da na kawo muku, na kawo ta ne don ku san akwai ta. Amma abin da ke cikin littafin nan da ke gabanmu, kuma shi muka ɗauka a bakin malamanmu, shi muke ba da fatawa da shi: ramawa za ta yi, ta kuma ciyar. Kada wani ya tashi da rabin magana ya kai wa iyalinsa."

Na zare abin kunnen na jefar a kan gado kamar ya ƙone ni.

Ashe haka suke karantarwa. Su fara shimfiɗa maka maganar wasu, su bar ta ta zauna a kunnenka, su zaga, sannan su dawo su faɗi tasu. Duk wanda ya taɓa naɗe ƙafa a zaure ya san ba a tashi sai malam ya rufe littafi. Ni ban taɓa zama ba. Ni wanke-wanke nake yi.

Nan take na goge guntun. Amma wa zai goge na wayoyin mutane? Na yanko bayanin Malam cikakke, da jakin da komai, na ɗora da taken GYARA, DON ALLAH A YAƊA. Wanda ya kalla bai kai rabin rabin na farko ba. Masu sharhi kuwa suka samu abin yi.

"Malam ya ji wuta ya sauya baki."

"Dama malaman intanet ai sai a hankali."

"Mu dai na farkon muka ji, shi muka riƙe."

Malaman intanet. Tsohon da ko buɗe waya sai an buɗe masa.

A haka Yaya Atika ta same ni ranar Laraba. Ta turo ƙofa ba sallama, kamar yadda ta saba, tana neman cajar waya. Kwamfutata a buɗe, ga shafin, ga sunan Karatu a Taƙaice, ga wajen da mai shafi kaɗai ke gani. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta kuma kallon allon.

"Nusaiba. Ke ce?"

Hawaye suka ba ta amsa.

"La'ilaha illallahu! Ke ce kika sa na ci shinkafa da wake tsakar rana? Kin san nawa ake bi na? Ga wata ya raba!" Ta dafe ƙirji. "Har maƙwabciyata Maijidda ni na tura wa, 'yan biyu take shayarwa, ta yi ta sa mini albarka. Mama! Mama, zo ki ji abin da 'yar bokonki ta aikata!"

"Yaya, don girman Allah ki rufa mini asiri."

Ina! Mama ta riga ta shigo, hannunta duk fulawa. Yaya ta zayyana mata komai a tsaye. Na zaci Mama za ta rufe ni da faɗa. Sai ta juya a hankali ta mayar da ƙofa, ta murza makulli.

"Wa ya sani bayan mu?"

"Ba kowa."

"Shi yaron?"

Na girgiza kai.

"To haka za a bar shi." Ta zauna a bakin gado, ta sassauta murya. "Kin goge, kin gyara, kin yi istigfari. Me ya rage? Mutane za su yi surutunsu su gaji. Asabar mutanen nan za su zo. Na gaya wa dangin ubanki, na gaya wa nawa, Gwaggonki tana tahowa daga Zariya. Idan kika buɗe bakin nan naki, Abbanku da ƙyar na shawo kansa, kin san abin da zai ce? Ya ce ga irinta nan, dama bidiyon ne ya haɗa ku."

"Mama, shi fa Malam..."

"Malam babba ne, zai wuce wannan. Ke ce ba za ki wuce ba. Bayan biki, in kin haihu ɗaya, ki faɗa masa kuna dariya."

Yaya Atika da ta gama kumfar baki ita ma ta sauko. "Gaskiya Mama ta faɗa. Ni dai gobe zan tashi da azumi, Allah Ya isa tsakanina da jan rubutunki. Amma ki yi shiru. Maza ba sa manta irin wannan."

Na ce to. Kun ji na biyu ke nan. Na ce to.

Ranar Alhamis Sharhabil ya ce zai zo bayan La'asar. Abin ya ba ni mamaki, don wannan lokacin yana zaure yana ɗaukar karatu, bai taɓa zuwa zance a cikinsa ba. Mama da kanta ta zaɓar mini kaya: atamfa kore mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, da mayafi ruwan madara. Ta turara ni, ta goga mini humra a wuya, ta ce in sa kwalli don idona ya faɗa. A tsakar gida an kunna risho, ita da Yaya suna murza cincin ɗin baƙin Asabar. Da zan wuce da tiren ruwa da lemo, Mama ta kama gefen mayafina.

"Ki tuna abin da na ce."

Yana zaune a ƙaramin falon baƙi, kan kujerar da ya saba, wadda ke kusa da taga. Shaddarsa ruwan toka ba ta ga guga ba. Bai taɓa zuwa gidanmu da kaya a yamutse ba.

"Sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau, ɗalibar Malam." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ko in ce tsohuwar ɗaliba. Makarantar taku an rufe."

"Kamar yaya?"

"Jiya na zo maƙala masa makirufo, ya riƙe hannuna. Ya cire shi da kansa ya sa mini a aljihu. Ya ce daga yau wanda yake son karatu ya zo ya zauna." Ya murza goshinsa. "Shekara nawa ina lallashinsa kafin ya yarda a ɗauka? Na ce masa Baba, akwai matan da ba za su iya zuwa zaure ba, akwai na nesa. Har misali na ba shi da ke."

Na zuba masa ruwa, rabi a kofi, rabi a tire.

"Ya yi faɗa sosai?"

"Da ma faɗan ya yi. Abokinsa na tun suna yara, limami ne a Kawo, ya aiko a tambaye shi ko tsufa ne ya fara taɓa shi. Baba dariya kawai ya yi. Zagin da ake yi a intanet na karanta masa kaɗan, ya ce in bari. Abu ɗaya yake maimaitawa." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Wai mata nawa ne suka ajiye ramuwa da sunansa. Ya ce waɗannan a wuyan wa suke? Ko abincin kirki ya daina ci, Nusaiba."

Daga tsakar gida ina jin ƙarar mai da dariyar Yaya. Ƙamshin cincin ya cika falon.

"Ni na ja masa," in ji shi. "Kuma ni da bakina na yi wa mai shafin nan addu'a. Wallahi in na san ko wane ne..." Ya girgiza kai. "Bari dai. Ba wannan ya kawo ni ba. Alfarma nake nema. Ke kin ji karatun nan daga farko har ƙarshe, kuma mata sun fi jin maganar 'yar uwarsu. Ki yi saƙon murya, ki ce ke shaida ce, kin ji da kunnenki tun ranar da aka ɗora, mai shafin ne ya yi ha'inci. Ki tura guruf-guruf ɗinku. Za ki iya?"

Ya miƙo mini wayarsa, har ya buɗe wajen ɗaukar murya.

'Yan uwa, na so in karɓa. Na rantse muku na so. Hannuna har ya tashi. Minti ɗaya zan yi magana, in zagi mai shafi, Asabar ta zo ta wuce, Mama ta yi guɗa. Amma na kalli ɗan jan maɓallin nan, na mayar da hannuna kan cinyata.

"Ban ji ba," na ce.

"Na'am?"

"Ban ji karatun har ƙarshe ba. Ban taɓa jin ko ɗaya har ƙarshe ba, sai shekaranjiya. Gudu nake ƙara masa, ina tsallakewa." Na ƙura wa kafet ido. "Shafin nawa ne, Sharhabil. Ni na yanka. Ni na rubuta taken."

Fankar sama tana ta juyawa. Ban san tana ƙara haka ba sai ran nan.

"Sake faɗa."

"Don in taimake ka na buɗe, wallahi. Na ga ba a kallo, na ga yana damunka, na ce bayan biki..."

"Ranar Talata," ya katse ni, a hankali, "da na turo miki saƙo. Kika ce Innalillahi."

"E."

"Kin sani a lokacin?"

"Na sani."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na ji sauƙi. Ya janye wayar daga gabana, ya daɗe yana kallonta, sannan ya danna wani abu ya kara a kunne.

"Salamu alaikum, Baba. E, ina Malali. Akwai mai magana da kai." Ya miƙo mini. "Ba ni kika yi wa ba. Ga shi."

Na zame daga kujera na durƙusa a ƙasa, kamar yana gabana.

"Salamu alaikum, wa ke magana?" Muryar nan da na mayar ta 'yar tsana wata da watanni. A kunne, kai tsaye, tana da taushi, tana da gajiya.

"Allah Ya gafarta Malam, Nusaiba ce. Ina wuni, Baba."

"A'a, 'yata ce. Lafiya lau. Ya mutanen gidan? Ya Alhaji?"

'Yata. Nan kuka ya ƙwace mini. Na faɗa masa, a hargitse, gaba a baya, ina jan hanci. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"Kin gama?"

"Na gama, Baba. Ka yafe mini."

"Abin da ya shafe ni na yafe, tun kafin in san ke ce. Wannan mai sauƙi ne." Ya yi tari. "Amma akwai matan da suka ajiye azuminsu. Su ba ni zan yafe a madadinsu ba. Kin san wasu daga ciki?"

"Na san wasu. Har da yayata."

"To. Waɗanda kika sani, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ba da rubutu ba, da bakinki. Waɗanda ba ki sani ba, ki fito da fuskarki da sunanki a wannan shafin naki, ki ce ke kika yanka. In aka ga mai laifin, za a yarda da gyaran. Azumi ya ƙarato, ba a jira."

Fuskata da sunana. Matan unguwa. 'Yan adashen Mama. Abokan aikin Abba.

"To, Baba."

"Sannan ranar Asabar akwai karatun mata a cikin gida, da hantsi. Ki zo da mahaifiyarki. Ki zauna har a rufe littafi."

"Baba, ranar Asabar ai... su kawun Sharhabil ne za su zo wajen Abba."

"Ba za su zo ba wannan Asabar ɗin. Ni zan kira Alhaji in ba shi haƙuri, bayan Magariba in sha Allah. Ba na so ya ji dalili a bakina, don haka ki riga ni." Ya numfasa. "Maganar wata Asabar kuma, ba tawa ba ce. Ta wanda ke zaune kusa da ke ce. Ba ni shi."

Na miƙa wa Sharhabil da hannu biyu. Ya saurara, ya ce "to Baba", ya sake cewa "to Baba", ya kashe. Ya miƙe ya zura takalmansa.

"Sharhabil."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Ka ce wani abu mana. Ko zagi ne."

"Yankan ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba," ya ce. "Duk yammar da kika turo mini cewa karatu ya ratsa ki, ina zuwa in gaya wa Baba. In ce ga irin matar da zan kawo maka." Ya ɗaga labule. "Ki bar ni tukuna, Nusaiba."

Nusaiba kawai. Na ji tashin mashin ɗinsa, na ji ƙarar get. Ruwan da na zuba masa yana nan yadda yake.

Na miƙe daga inda na durƙusa. Na goge kwallin da ya zubo da gefen mayafi, na ɗauki tire, na fito. Rana ta yi sanyi, an kusa kiran Magariba, kuma a bakin get na hango hancin motar Abba tana shigowa.

A tsakar gida Mama ta cika babbar roba da cincin, tana kwashe wani daga mai, fuskarta sai sheƙi take. Yaya Atika ce ta fara ganin idona, matsamin hannunta ya tsaya cak. Mama kuwa ba ta ɗago ba.

"Har ya tafi? Da kin tsayar da shi ya ɗanɗana." Ta kaɗe matsami a bakin kasko. "To, ƙarfe nawa suka ce za su iso ranar Asabar ɗin?"